Faifan da Ya Ƙi Buɗuwa, da Yaron da Na Zarga

Duk wanda ya tashi a Damagaram yana kallon fim ya san hanyar da fim ke biyowa kafin ya iso mana. Daga Kano yake tasowa, ya shigo ta Matamaye ko ta Magarya, cikin kwalaye, tare da atamfa da kayan roba. Tun bayan Turmin Danya na 1990 kasuwar finafinan Hausa ta kafu a kan kaset na bidiyo: 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su buga, dillalai su rarraba har Kasuwar Dole. Daga baya kaset ya bar wa faifan VCD wuri, VCD kuma ya bar wa DVD. A duk tsawon wannan zamani ban taɓa cin karo da faifan da ya ƙi mai shi da gangan ba. Ka saya, ka sa, ya yi. In ya ƙi, to ko dai ya karce, ko ƙurar hunturu ta rufe idon na'ura, ko wani ya yi mata taɓe-taɓe. Har matsalar nan ta da, wadda kaset ɗin Kano ke fitowa ba launi a tsohuwar tele, ba kulle ba ce. Nijar ta gaji tsarin SECAM daga Faransa, Nijeriya tana kan PAL, kuma da telolin da ke karɓar duka biyun suka cika kasuwa sai maganar ta mutu.

Da wannan sanin na shiga harkar Blu-ray, kuma da shi na zalunci wani yaro.

Wajen 2010 ne wani ƙanena da ke zaune a Faransa ya zo hutu, ya kawo mini na'urar karanta faifan Blu-ray wadda ake haɗawa da laftof ta igiyar USB, tare da manhajar kallon da aka haɗo ta da ita, da 'yan finafinai. Laftof na zaɓa ba tele ba saboda dalilin da kowane ɗan garin nan ya sani: in kuran ya ɗauke ana tsakiyar fim, baturi zai kai ka ƙarshe. Hoton kuwa ban taɓa ganin irinsa ba. Faifan DVD na ɗaukar gigabait 4.7, na Blu-ray 25, mai hawa biyu 50, domin lezar da ke karanta shi shuɗiya ce mai tsayin zango na nanomita 405, siririya fiye da jar lezar DVD mai 650, don haka ana iya cusa bayanai a matse. Hoton DVD a tsarin PAL ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye. Na Blu-ray 1920 da 1080. Waɗannan alƙaluma na haddace su, ina zazzage wa abokai a majalisa. A zatona na gama sanin abin.

Lokaci-lokaci manhajar takan fito da wani ɗan saƙo da Turanci tana neman a haɗa ta da intanet. A wancan lokacin intanet a wajenmu abu ne na awo, ko ka je shago ka biya kuɗin awa, ko ka sa ɗan modem ka zuba masa ido yana cin kuɗinka. Fim kuma yana yi lafiya. Sai in kore saƙon in ci gaba da kallo. Ban taɓa tsayawa na karanta shi zuwa ƙarshe ba.

Bayan wasu shekaru, a ƙarshen wani hunturu, laftof ɗin ta fara zafi tana mutuwa da kanta. Na kai ta wurin wani tsohon ɗalibina da ya buɗe rumfar gyaran kwamfuta da wayoyi, ɗan maƙwabcinmu ne, a gabana ya girma. Jakar gaba ɗaya na miƙa masa, har da na'urar faifan a ciki. Ya hure ƙura, ya gyara fanka, ya dawo mini da kayana. A daidai wannan makon wani saƙon ƙanena ya iso ta hannun matafiyi, sabon fim a cikin ledarsa. Na fasa leda, na sa faifai. Ya ƙi. Na ce wataƙila faifan ne. Na ɗauko wani tsoho da na kalla sau ba adadi. Shi ma ya ƙi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya buɗe. Faifan DVD kuwa suna yi sumul.

Nan take na yanke hukunci. Na'urar da ba ta taɓa kasawa ba ta kwana a hannun yaro, ta dawo ba ta aiki. Kuma ɗan ilimin lezar nan ya ba ni hujja: ai ido biyu ne a ciki, ja da shuɗi, to shuɗin mai tsada ne ya cire ya sa wa wani, ko ya lalata. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma na ga haka a kaina.

Na je rumfarsa da hantsi, lokacin da mutane suka cika ta. Ban ja shi gefe ba.

"Mushe, wallahi ban buɗe ta ba," in ji shi, da sunan da ɗalibanmu ke kiran malami. "Ko fito da ita daga jaka ban yi ba."

Na ce to aljanu ne suka buɗe ta.

"Mushe, ka bar ni in karanta abin da kwamfutar take rubutawa in ka sa faifan."

Na ce, "Ni za ka koya wa karatu?"

Ya yi shiru. Da dare na samu mahaifinsa a ƙofar gida bayan sallar isha'i. Alhaji ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, kai ka koyar da shi, ba za ka yi masa ƙage ba. Nawa ne kuɗin abin?" Na faɗa, ya shiga ciki ya ƙirgo ya ba ni. Na karɓa. A makaranta kuma na gaya wa abokan aiki su yi hattara da rumfar yaron.

Abin da ya faru da na'urar a zahiri ba ya fahimtuwa sai an koma baya kaɗan. Lokacin da DVD ya fito a 1996, kamfanonin fim na Amurka sun sa an ɗora masa kwaɗo mai suna CSS. Kwaɗon ba shi da ƙarfi, mabuɗinsa bit 40 ne kacal, kuma a 1999 wasu mutane, cikinsu har da Jon Lech Johansen ɗan Norwe mai shekara 15, suka fitar da wata 'yar manhaja, DeCSS, da ke buɗe shi. An kai yaron kotu, kotu ta wanke shi a 2003. Tun daga nan kwaɗon DVD ya zama suna kawai. Mu a nan ba mu ma san da shi ba, don faifan da ke zuwa mana kwafi ne da aka riga aka cire masa komai, na'urorin kasuwa kuma ba sa tambaya.

Da za a fito da faifan hoto mai kaifi, kamfanonin suka sha alwashin ba za a maimaita ba. Kamfanoni takwas na fim da na fasaha, wato Disney, Warner Bros., Sony, Panasonic, Toshiba, Intel, IBM da Microsoft, suka haɗu suka kafa tsarin AACS, wanda aka ɗora wa nau'o'in faifai biyu da suka shiga kasuwa a 2006 suna gasa: Blu-ray da HD DVD. Toshiba ta janye HD DVD a watan Fabrairu na 2008, Blu-ray ya ci kasuwa. A ƙarƙashin AACS ana hargitsa bayanan fim da lissafin AES mai bit 128, wanda ba a fasa shi da ƙarfin tuwo. Kowace na'ura ko manhaja mai lasisi tana da nata mabuɗai. A kan kowane faifai kuma akwai wani tarin bayanai da mabuɗan halal ke shiga ciki su fito da mabuɗin fim. Hikimar abin ita ce, in mabuɗin wata manhaja ya faɗa hannun jama'a, ba a canza duniya gaba ɗaya. Sai a buga sababbin faifai ta yadda wancan mabuɗin ba zai ƙara fito da komai ba.

Ba a daɗe ba aka gwada wannan hikima. A Disamba 2006 wani mutum da ya ɓoye kansa da laƙabin muslix64 ya fitar da manhajar kwafe HD DVD. Dalilin da ya bayar abin lura ne: ya sayi na'ura da kuɗinsa, ya sayi fim da kuɗinsa, amma fim ya ƙi fitowa a kwamfutarsa saboda haɗinta da allo ba ya ɗauke da kariyar HDCP da tsarin ke nema. Bai fasa lissafin ba. Ya gano cewa manhajar kallo, yayin da take aiki, dole ta ajiye mabuɗin a ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai ya bi ya tsinto shi a can. A Fabrairu 2007 aka gano wani mabuɗi mafi girma da ke buɗe dukan faifan da aka buga zuwa lokacin. Masu AACS suka aika wasiƙun lauyoyi a goge lambar daga intanet, abin ya zama kamar an zuga mutane, a farkon Mayu 2007 lambar ta bazu ko'ina, har a kan riguna aka buga ta. Aka soke mabuɗan da suka fallasa, aka fito da sababbi, su ma aka gano su. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru.

Wurin da wannan yaƙi na nesa ya shigo ɗakina a Damagaram shi ne nan. Ban da mabuɗan fim, akwai wata gaisuwa da dole a yi tsakanin manhajar kwamfuta da na'urar karanta faifai. Manhaja za ta nuna takardar shaidarta, na'ura ta duba, sa'an nan ta yarda ta miƙa mata wata lamba ta musamman da ke ɓoye a jikin faifai, wadda in babu ita mabuɗin fim ba ya haɗuwa. Kowane faifai kuma yana ɗauke da jerin takardun shaidar da aka soke har zuwa ranar da aka buga shi. Na'ura in ta ga jerin da ya fi wanda take da shi sabunta, sai ta kwafe shi cikin ƙwaƙwalwarta ta riƙe. Kwatankwacinta dogari ne a ƙofar fada wanda kowane baƙo ke zuwar masa da takardar sunayen waɗanda aka hana shiga. Ya karɓi mafi sabuwa ya sa a aljihu, kuma daga ranar duk wanda sunansa ke ciki ba ya wucewa, ko da jiya tare suka ci tuwo. Takardar shaidar tsohuwar manhajata tana cikin waɗanda aka soke tun tuni. Muddin tsofaffin faifai nake sa wa na'urar, ba ta da labari. Ranar da na fasa ledar sabon fim na sa shi, ranar ta ji, kuma daga nan ta daina amsa wa manhajar ko da a kan tsofaffin faifan. Saƙon da nake korewa shekara da shekaru sabuwar takarda da sababbin mabuɗai yake son ɗauko mini.

Wato hannun da ya rufe na'urar nawa ne.

Ban gano haka da kaina ba. Watanni sun wuce, na'urar na jibge a kabad, sai wani ɗalibin jami'ar garin nan mai karatun kwamfuta ya zo gaishe ni, hira ta kai kan maganar. Ya nemi ya gani. Ya sa faifai, bai ma buɗe manhajar kallo ba, ya shiga cikin faifan kamar yadda ake shiga memori. Ga folda mai suna BDMV, ga wata mai suna AACS, ga manyan fayil-fayil da nauyinsu a rubuce. Ya ce, "Baba, in da idon shuɗin ya mutu, ko sunan faifan ba za mu gani ba. Na'urarka lafiyarta ƙalau." Sa'an nan ya buɗe manhajar, saƙon ya fito, ya karanta shi a fili. Maganar lasisi da sabuntawa ce daga farko har ƙarshe. Gwajin duka bai kai tsawon shan shayi ba, kuma shi ne abin da tsohon ɗalibina ya roƙa in bar shi ya yi.

Na sha juya abin a raina, kuma ba rashin sanin AACS ne ke damuna ba. Ba aikina ba ne, kuma da wuya ka samu mutum goma a unguwarmu da suka taɓa jin sunan. Abin da ke damuna shi ne abubuwa biyu sun canza a mako guda, gyara da sabon faifai, amma ɗaya kawai na ƙirga, domin ɗayan ni ne na yi shi. Mutum in abu ya ɓaci yakan waiwaya ya nemi hannun da ya taɓa shi na ƙarshe, kuma nasa hannun ba ya shiga lissafi. Bayan wannan akwai girman kai na malanta. Da wani injiniya ne daga Yamai ya ce in bar shi ya karanta saƙon, da na matsa masa kujera. Amma yaron da na koya wa ABCD ne, kuma a al'adarmu ɗalibi ba ya ja da malaminsa a gaban mutane, maƙwabci ba ya ƙaryata malamin ɗansa. Na san da wannan sarai. Na yi amfani da ladabinsu na ci shari'ar da ba a saurari ɗaya ɓangaren ba, kuma shirun da yaron ya yi na ɗauke shi a matsayin amsa laifi.

Na mayar wa Alhaji kuɗinsa. Ya karɓa bai ƙirga ba, ya ce, "Malam, ni ba ni ka yi wa ba. Ka je ka same shi a inda ka faɗa masa." Na je rumfar da hantsi kamar wancan karon, na faɗi abin da ya faru da ƙarfi yadda na kusa za su ji, na roƙe shi gafara. Ya ce, "Ba komai, Mushe." Ban ɗauki wannan a matsayin shaidar komai ya wuce ba, don ɗalibi ba shi da wata amsa da zai ba malaminsa ban da ita. Mutanen da ke tsaye a ranar kuma ba su ne suka ji zargin ba. Abokan aikin da na gargaɗa na bi su ɗaya-ɗaya na warware, amma wasunsu sun riga sun saba da wani mai gyaran, kuma ban san bakuna nawa maganar ta ratsa bayan ta bar nawa ba.

Ba na son in fake da tsarin, amma ina da abin faɗa a kansa. An gina shi ne a kan zaton cewa duk mai faifai yana da intanet a gida, da katin banki na sayen sabuwar manhaja in tsohuwar ta daina samun sabuntawa. Windows bai taɓa zuwa da manhajar kallon Blu-ray ba, kuma daga Windows 8 a 2012 har ta DVD aka cire. Apple bai taɓa sa na'urar Blu-ray a kwamfutocinsa ba. VLC, wadda ɗaliban École Centrale ta Paris suka faro kuma kusan kowace kwamfuta a garin nan ke da ita, tana iya karanta tsarin Blu-ray, amma ba ta zuwa da mabuɗan AACS. A kan AACS wasu kamfanoni sun ƙara wani kwaɗon mai suna BD+, ga HDCP a kan igiyar allo, ga kuma rabon duniya gida uku: A na nahiyar Amurka da Japan da kudu maso gabashin Asiya, B na Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostireliya, C na Indiya da Sin da Rasha. Mu masu son finafinan Indiya, faifan da aka kulle wa yankin C ba namu ba ne. Abin ya fi ban haushi a finafinan nahiyarmu. La Noire de… na Usman Sembène, na 1966, da Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty, na 1973, an gyara su sun fito tas, amma bugun Amurka na kamfanin Criterion a yankin A yake; ɗan Afirka sai ya nemo bugun Turai kafin na'urarsa ta yarda. Duk wannan wahala tana kan wanda ya biya kuɗin halal. A bakin titi kuwa mai tura fim a memori zai ba ka fim ɗin nan da 'yan daloli, ba takardar shaida, ba yanki.

Duk da haka ba na cikin masu yi wa kwaɗon dariya kawai. Mun ga abin da rashinsa ya yi a gida. Masu shirya finafinan Hausa sun yi shekaru suna kukan satar fasaha, fim ya fita yau gobe kwafinsa ya cika kasuwa, har kasuwar faifai ta durƙushe, sana'ar ta koma kan shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Mai fim yana da haƙƙi, kuma wanda ya ci bashi ya yi fim ba zai ji daɗin hujjar cewa ilimi na kowa ne ba. Abin da na ƙi shi ne kwaɗon da ke rufe ƙofa bai yi bayanin da mutumin gari zai gane ba, har ya bar mai kaya yana neman wanda zai zarga. Nemowar kuwa ni na yi ta, ba kamfani ba.

Ga masu irin waɗannan faifai a gida, ko masu 'yan'uwa a waje da ke tambayar tsarabar da za su kawo: ku bar batun kwamfuta. Ku nemi na'urar Blu-ray mai zaman kanta ta yankin B, ku duba bayan kwalin fim ku ga harafin B ko haruffan uku duka, ku kuma tabbata telenku na da ramin HDMI, don tun daga 2014 ƙa'idar AACS ta hana sababbin na'urori fitar da hoto ta tsofaffin igiyoyin nan. Faifan 4K da suka fito a 2016 kuwa kada ma ku gwada su a sabuwar laftof. Kallon su a kwamfuta ya dogara da wata fasahar Intel mai suna SGX, kuma Intel ya cire ta daga sababbin kwakwalen kwamfutocin gida. In kuma wata na'ura ta ƙi aiki bayan ta dawo daga wurin gyara, ku bar mai gyaran ya karanta abin da ta rubuta kafin ku je wurin mahaifinsa.